Ranar da Mai Saisaye Ya Zama Manomi

Ɗan baffanmu, wanda ake ce wa Mai Saisaye, bai taɓa riƙe fartanya ba tun da aka haife shi. Tafin hannunsa ya fi auduga laushi. Aski yake yi a wani ɗan shago da idan ya yi atishawa sai madubi ya girgiza, kuma cutarsa ɗaya ce a duniya: ba ya iya ganin abu ya fi ɗan'uwansa tsawo. Tsintsiyar gidansu ma ya daidaita mata baki.

Burinsa kujera mai juyawa, don a kan benci yake zaunar da mutane. To da ya ji gwamnati za ta raba wa manoma takin tallafi, ya kuma ga mai cajin waya da direban shugaban unguwa duk sun zama manoma a rana ɗaya, sai ya ce shi ma ai jikan manomi ne. Zai karɓi taki, ya sayar, ya sayi kujera. Lissafi ya fita.

Sai aka ce jami'i zai zo ganin gona da idonsa.

Ya garzaya wurin Gwaggo, wadda ta tsufa tana noman masara ba a taɓa ba ta ko cokalin taki ba.

"Gwaggo, ara min gonarki ta wuni guda."

"Gona ce ko zani? Je ka, ja'iri, amma kada ka taka min ko ganye."

Bai taka ba kuwa. Sai dai yana shiga ya ga masara ta fitar da fure a ka, wannan doguwa, waccan gajeriya, kamar kan mahaukaci. Zuciyarsa ta ƙi. Ya zaro almakashi. Kafin rana ta take, ya bi kunya-kunya ya sauke furen nan kaf, gona ta yi sumul kamar teburi.

Jami'i ya iso da takalmi mai ƙyalli, yana tsallake kunya kamar mai tsoron maciji. Ya tsaya, ya riƙe baki.

"Malam, wannan wane irin noma ne?"

"Na zamani ne, ranka ya daɗe."

"Wallahi na zagaya gonaki, ban ga mai tsari irin taka ba!"

Aka ɗauke su hoto suna musabaha, aka ce a ninka masa rabonsa. Mai Saisaye ya dawo gida yana rawa a kan titi, har ya yi wa wani mai sanƙo alkawarin aski kyauta.

Washegari Gwaggo ta je gona. Ihunta sai da ya tashi kajin unguwa uku.

"Masara ba fure, da me za ta yi 'ya'ya? Da kyan kai?"

"Gwaggo, ai zai tofo. Gashin kai ma..."

"Rufe min baki, ɗan banza mai hannun amarya!"

Ranar rabo tana tsaye a bayansa da muciya. Duk buhun da aka miƙo masa, sai ta nuna hanyar gidanta. Shi ya yi dakonsu a ka, yana tafe yana nishi, masu shaguna suna masa kirarin gwarzon manoma.

Har yau dai a kan benci yake aski. Gwaggo kuwa ta ce baɗi ma ya je ya karɓo, tunda shi gwamnati ta sani, amma ya bar almakashin a gida.