Zobe a ƙafar farin tsuntsu

Abin da na zuba a tabkin nan ba shi da wuyar ƙidaya. Ganga takwas na 'ya'yan karfasa da na ɗauko daga bakin kogi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, shanun huɗa biyu da na sayar don in ɗauko su, sai kuma mutuncina a gaban dattawan ƙauye. Sun ba ni hayar ruwan shekara uku, amma da sharaɗi. In kamun farko ya yi kyau, kowane gida ya sami na miya, in ci gaba. In bai yi ba, tabki ya koma hannunsu, ni kuma in kama hanyar Dogon Dutsi.

Shekara ashirin ina sayar da kifin da wasu suka kama. Na fara da kwando guda a bayan keke, ina bin kasuwannin Matankari da Kore Mairuwa, har na kai ga rumfa tawa da murhun banda uku a bayan gida. Ban yi lekwal ba, wato makarantar boko, amma ina ɗaga kifi na san ko zai yi mako bai canza ba ko zai ba ni kunya kafin la'asar. Abin da ke ci mini rai kullum shi ne masunci ke yanka mini farashi. Da na ji akwai tabki arewa da Matankari mai riƙe ruwa har bayan sanyi, ba komai a cikinsa sai tarwaɗa jefi-jefi, na ce zan noma kifina da kaina. Na ɗauki wani masunci daga wajen Kabi, mutum mai furfura, shi da ƙannensa uku, su kula da ruwan.

Tabkin yana da tsoho. Gidansu ne ke buɗe shi tun kakanni, ba mai jefa koma, ragar kamun kifi, sai ya ce a jefa. Siririn mutum ne, idonsa ɗaya ya yi fari. Kullum bayan sallar asuba yakan zo ya zauna gindin gawo a bakin ruwa, ya yi ta kallo har rana ta ɗaga. Dattawa sun gaya mini tun farko cewa ko da hayata, ranar kamu shi zai faɗa. Na ce to, a raina ina ganin maganar girmamawa ce kawai.

Bayan an gama yankan hatsi, sanyi ya fara shigowa, sai tsuntsayen suka zo. Na san balbela, na san kirinjijiya, amma waɗannan ban taɓa kula da su ba. Farare ne, bayansu ruwan toka, baki da ƙafa ja, da ɗan ɗigo baƙi a bayan ido. Ga kuka mai kaushi kamar ana faɗa a kasuwa. Mutanen ƙauyen ba su da wani suna da suke kiransu sai baƙin tabki. Wata safiya na tsaya na ƙirga su, na wuce ɗari biyu na bari. Duk wanda ya sauka kan ruwa ya tashi, sai in ga kamar daga gangata ya ɗauka.

Na je wajen tsoho na gaishe shi, na ce, "Baba, baƙin nan naku ba su san hanyar gida ba ne?"

Ya ce, "Sun riga ka zuwa, mai kifi. Kai ne baƙo."

"Na ji. Amma ni na kawo abincin da suke ci."

"Kai ka kawo, su za su gaya maka ranar da za ka kwashe."

Na zauna, ya yi mini bayani. Ya ce tsakiyar tabkin ciyawa ta kewaye ta, daga gefe ba ka ganin abin da ke faruwa a can. In ruwa ya ja baya ya fara lalacewa, a tsakiya kifi ke fara tasowa neman iska da sassafe. Tsuntsayen ne ke fara gani. Sai su bar gefe su taru a can, suna faɗawa ruwa ba hutawa.

"Daga kan tudun can ake hango su," in ji shi, "fari fat kamar an watsa auduga. In ka ga haka, kwana biyu gare ka, uku in Allah ya so ka. In ba su taru ba, a jira sai kawunansu sun yi baƙi. Za su tahi ke nan, ranar nake buɗe tabki. Ƙwaryar farko ta ƙananan kifi tasu ce, a watsa musu."

Na yi dariya na ce, "Na doguwa ne ke nan, aljanar tabki?"

"Ubana ya ce na doguwa ne. Ni salla nake yi, ban ce ba. Aikinsu dai na sani."

Na dawo gari da maganar ƙwaryar farko a kunnena, sauran duk na bar ta a gindin gawo.

Akwai wani ma'aikacin gandun daji da ke sayen banda a rumfata kowace ranar kasuwa, mun saba har muna barkwanci. Na kwatanta masa tsuntsun. Ya ciro waya ya nuno mini hoto, shi ne kuwa. Ya faɗi sunansa da Faransanci, ban riƙe ba.

Ya ce, "Waɗannan ai sun cika duniya. A ƙasashen sanyi suke ƙwai, daga Turai har can gabas mai nisa. In ƙanƙara ta sauko su gudo, wasu su tsaya bakin teku, kaɗan su ƙetaro hamada su zo mana. A biranen Turawa har bola suke ci. A takardunmu suna cikin waɗanda ba a tsoron ƙarewarsu."

"Ke nan ko an rage su ba a ji ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ban ce ka taɓa su ba fa. Mi ya sa kake tambaya?"

"Tambaya ce kawai, shef. In ƙara maka kai guda?"

Ya karɓi kifinsa ya tafi. Ni dai na ji abin da nake son ji.

Na fara da kora. Muka kafa sanduna da tsummoki, muka rataya gwangwanaye. Kwana biyu suka saba, har suna sauka kan sandunan. Daga nan na sayo maganin ƙwari irin wanda ake zuba wa wake. Na ce wa masuncin ya haɗa mini shi da ƙananan kifi. Ya goge hannunsa a riga ya ce, "Maigida, ni kifi na zo kamawa. Wannan ka nemi wani." Ban nemi kowa ba, na yi da kaina.

Na zaɓi wani tudun yashi nesa da mashayar shanu, don kada dabbar kowa ta taɓa. A lokacin har ina yabon kaina da hankali. Na watsa kifin da safe na koma gefe. Ba su yi wata-wata ba, domin a ƙauyen nan duk wanda ya watsa musu kifi alheri yake yi. Ba a yi awa guda ba suka fara faɗowa. Wani ya tashi sama kaɗan ya kifo, wani ya yi ta juyawa a yashi da fiffike ɗaya, baki buɗe, ba kuka. Na ɗauka abin zai yi sauri. Wasu sun kai azahar suna motsi.

Safiya uku na yi haka. Kullum in haƙa rami in binne su da zurfi don kada kare ko ungulu su ci. Ɗari da goma sha huɗu. Na ƙirga, domin ni ba na rufe abu ban ƙirga ba. A rana ta huɗu sauran suka tashi gaba ɗaya, suka yi kewaye biyu, suka yi kudu.

A cikin na ƙarshe da na binne akwai ɗaya mai zoben ƙarfe a ƙafa, siriri, da rubutun boko da lambobi. Na cire na jefa aljihu. Ina cikin mai da ƙasa sai ga tsoho da sandarsa. Ya leƙa ramin da idonsa mai gani, ya daɗe.

Ya ce, "To yanzu wa zai gaya maka?"

Na ce, "Ina da ido, Baba."

"Idonka na Dutsi ranar kasuwa. Nawa guda ne, ba ya kai tsakiya."

Ya juya ya tafi. Daga ranar bai sake zama gindin gawo ba. Ba wanda ya kai ƙarata. Mata masu ɗibar ruwa dai suka daina amsa gaisuwata.

Makonni suka wuce, tabki shiru, ni kuwa hankalina kwance. Kifi ya kai tafin hannu. Ruwa na ja baya, garken shanu na ƙaruwa a mashaya saboda ƙananan tabkuna sun ƙafe. Masuncin ya same ni ya ce, "Maigida, ruwan nan ya yi kore, ba na son warinsa. Mu je a roƙi tsoho ya buɗe."

Na ce, "Ka ga kifi ya taso?"

"A gefe ban gani ba."

"To azumi saura mako uku. Ka san yadda banda ke tafiya da azumi. Kowane kifi zai ƙara yatsa biyu kafin nan."

"In ya kai," in ji shi.

Ba mu da jirgi, gora kawai gare su da suke hawa su yi iyo, kuma ba mai son kutsa ciyawar nan da sanyin safiya ba dalili. Ni ma ban ce a kutsa ba. Zuwa wajen tsoho kuwa, gaskiya kunya ce ta hana ni, na lulluɓe ta da maganar farashi.

Kwana tara bayan wannan, ina rumfa ina jera kaya, wayata ta yi ƙara. Masuncin ne. Ya ce, "Ka taho." Ya kashe wayar. Na hau moto, babur ɗina. Tun ban kai tudun ba wari ya tare ni. Da na hau kai na hango tsakiyar tabki fari fat kamar an watsa auduga, yadda tsoho ya kwatanta. Cikin matattun karfasa ne, sun juyo sama. Iska na turo su gefe layi-layi.

Muka shiga da koma, mu biyar, har da ni da wandona. Duk wanda ka ɗaga ya kumbura, ka danna yatsa ya nutse. Irin wannan ko ka banda shi ba ya zama abinci, kuma ban taɓa sayar wa mutum abin da ba zan ci ba. Tarwaɗa ce kawai ta tsira, ita da ruwa mai laka ba ya damunta. Mun sami kwando goma sha ɗaya. Matattun kuwa, kwana biyu muka yi muna kwasa muna binnewa, kusa da ramin tsuntsayen, domin nan ne yashi ya fi taushi.

Ruwan ya ɓaci fiye da mako. Makiyaya suka kwashe shanunsu zuwa rijiya mai nisa, suna ja da guga har hannu ya fashe. Wani dattijo a cikinsu ya wuce ni a hanya, ya ce, "Sannu da aiki, mai kifi." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Zaman dattawa bai ɗauki lokaci ba. Na raba tarwaɗar gida-gida, ba ta kai rabin ƙauyen ba. Mai gari ya maimaita sharaɗin da muka yi, na ce haka ne. Aka tambayi tsoho ko yana da magana. Ya ce shi bai buɗe tabki ba bana, don haka ba shi da abin faɗi.

Ranar kasuwa ta gaba na miƙa wa ma'aikacin gandun dajin zoben. Ya juya shi a hasken rana, ya karanta sunan wata ƙasa can arewacin Turai. Ya ce masu bincike ne ke sa musu tun suna 'yan tsaki, don su san inda suke zuwa. Wannan ya ƙetare teku, ya ƙetare hamada, mai yiwuwa ba sau ɗaya ba.

"A ina ka same shi?"

Na gaya masa duka, ban rage ba. Ya ajiye kifin da ya zaɓa.

Ya ce, "Na ce maka suna da yawa a duniya. Ban ce maka suna da yawa a tabkin nan ba. Da ka gaya mini abin da ke ranka."

Ya yi aikinsa. Aka kira ni buro, ofishinsu, na amsa, na yi abin da doka ta ce. Ya kwafi lambobin zoben ya mayar mini da shi. Har yau muna gaisawa, amma a wata rumfa yake sayen kifi.

Ina bin hanyar nan lokaci-lokaci in zan ci kasuwa, nakan tsaya kan tudu in duba. Shekarar da ta biyo baya na ga guda bakwai a gefen ruwa. Wadda ta biyo ta ban ga ko ɗaya ba, kuma a cikinta tsoho ya rasu. Ɗansa ne ke buɗe tabki yanzu, da ƙidayar kwanaki yake yi, wani lokaci ya dace wani lokaci ya makara. Ban ce ni kaɗai na kore su ba. Yashi na cike tabkin, ruwa ba ya daɗewa kamar da. An ce mini a wasu wurare suna nan dubbai, ba abin da ya same su, kuma na yarda. Na dai san yawan da na tarar da yawan da na binne.

Na koma sayen kifin da wasu suka kama, masunci na yanka mini farashi kamar da. Ganga takwas na zuba, ban ci ko kifi ɗaya daga ciki ba. Kwando goma sha ɗaya da na fitar tarwaɗa ce da na tarar a ruwan, ita ma na rabar. Shanu biyu sun tafi, shekara biyu na haya sun tafi, ƙauye guda ba ya amsa sallamata da daɗin rai. Tsuntsu ɗari da goma sha huɗu suna cikin yashi. Abin da ya rage a hannuna zobe ɗaya ne, yana cikin gwangwanin da nake ajiye duwatsun sikeli.