Wayar da Aka Kulle a Akwati

Maigidana ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ranar da aka rufe ta. Da zaman gida ya ishe shi, sai ya kama tattara waƙoƙin garinmu. Duk lokacin da ya je gida Kirsimeti ko jana'iza, sai ya zauna da tsofaffi, ya ajiye musu waya a gaba, su yi waƙar niƙa da ta noma da ta rarrashin jariri, da yarenmu. In ya dawo Unguwar Boro, ya ɗora su a wani shafi da ya buɗe a intanet, wanda yara ke kira bulog, ya rubuta ma'anar kowace da Hausa. Ni nake duba masa. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne a coci, amma yaren ya fi zama a bakina. Shi Kaduna ta cinye masa rabi. Ya shirya shafin ta yadda za a saurara amma ba za a sauke ba, wai kada makaɗan zamani su sace.

Yawancin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya. Muryar uwata tana ciki.

Da shi ma ya rasu, ƙanensa ya zo daga gida ya yi abin da aka saba. A wurinmu ba a taɓa kayan mamaci sai shekara ta zagayo, dangi su taru, a yi addu'a, a raba. Aka haɗa rigunansa da takalmansa da wayar, aka sa a akwatin ƙarfe, ya kulle, ya tafi da makulli. Babu wanda ya ga aibun haka a cikinmu.

Bayan shekara ta zagayo an buɗe akwatin ne 'yata ta fari, mai sana'ar POS a Sabon Tasha, ta kawo maganar.

“Mama, jikokinki ba za su shiga shafin Baba ba, data yake ci. A mayar da shi manhaja, a sauke sau ɗaya, waƙoƙin su zauna cikin waya. Kuma shafin nan haya ake biya masa. Wadda Baba ya biya ta kusa ƙarewa.”

Ba mu da ƙarfin zuwa wurin manyan masu aikin, sai ta kai ni unguwar Television, shagon wani Ibo mai gyaran waya da kwamfuta. Ya duba shafin, ya saurari waƙa ɗaya yana kaɗa kai.

“Mama, no wahala,” in ji shi. “Ba sabon gini za mu yi ba. Kaya za mu kwashe daga wannan ɗaki mu kai wancan, shi ya sa ba tsada. Ku dai buɗe min ƙofa.”

'Yata ta san kalmar sirrin ubanta, ta buga. Sai shafin ya ce ya aika wasu lambobi zuwa layin mai shi, a shigar da su. Muka kunna wayar maigidana. Hotonmu na ranar bikin godiya ya fito, amma babu layi. Waƙoƙin ma ba sa ciki, yakan goge su in ya ɗora a shafin saboda wayar ba ta da wuri. A ofishin kamfanin waya wata yarinya ta yi mana bayani cikin ladabi: layin da ya daɗe ba a aiki da shi, karɓewa ake yi a sayar wa wani. Yana kwance cikin rigunan mamaci aka sayar da shi.

'Yata ta ce ni zan kira, an fi yarda da muryar tsohuwa. Na buga lambar mijina. Wani namiji ya ɗauka, bayansa hayaniyar kasuwa da kukan awaki. Na gaishe shi, na faɗa masa komai a hankali.

“Hajiya, watau in karanto miki lambobin da suka shigo wayata?”

“Su kaɗai, Malam.”

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. “Jiya wani ya ce daga banki yake, yau kuma mai takaba. Gobe marayu ne za su kira. Kullum rediyo na cewa kada a ba kowa lamba.”

Na ce masa gaskiyarsa, ni ma haka nake gaya wa 'ya'yana. Na roƙe shi ya saurari abu ɗaya. 'Yata ta kunna waƙar uwata, ta kara wayarta a tawa. Ya saurara har ta ƙare.

“Tsohuwar nan akwai murya,” in ji shi. “Allah ya jiƙanta. Amma lamba kam ba zan bayar ba. Gumina na shekara ke cikin wayar nan.”

“To ina kake, mu zo ka gan mu da idonka?”

“Ku zo ku same ni? A'a, Hajiya. Ki yi haƙuri.”

Daga ranar kiranmu bai ƙara shiga ba.

Mai shagon ya ce abu ɗaya ya rage: a kunna waƙa a wata waya, a ɗauka da wata. Haka muka riƙa yi ranakun Lahadi bayan coci, mu rufe taga, mu hana yara motsi. Injin niƙan maƙwabta bai san da zamanmu ba, masu keke ma haka. Wani lokaci data ta ƙare ana tsakiyar waƙa, sai wani makon. 'Yata tana ta cewa da an gama za a koma maganar manhajar. Ni dai ina riƙe waya.

Wata Lahadi ta buɗe shafin, sai farin allo da ɗan rubutun Turanci. Ta sake gwadawa, ta fita waje neman sabis, ta dawo ta zauna a bakin gado. Hayar shafin ta ƙare, ba mu da hanyar shiga mu biya. Ko rabi ba mu kai ba. Waƙoƙin noma, na maza, waɗanda ban taɓa iyawa ba, su muka bari sai ƙarshe.

Ta uwata tana wayata. Jikata takan ce in kunna mata, ta kara kunne, ta ce, “Kaka, me take cewa a nan?” Daidai wurin ne injin niƙa ya tashi. Na san baitin farko da na ƙarshe. Na tsakiyan nakan ce mata ta bari in tuna.