Motar da Kawu Gado ya saukar ƙasa

Kawu Gado ƙanen mahaifiyata ne. Garajinsa yana Sabon Gari, bayan inda ƴan kabu-kabu ke tsayawa, rumfar kwano ce da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota. Tun ina yaro sana'a ɗaya na san shi da ita, wato ɗaga bayan mota. A Maraɗi kowa ya iya karanta mota ta bayanta. In ta zauna ƙasa, kaya ne a ciki. Masu ɗauko mai daga Najeriya ta hanyoyin daji sai su kawo wa Kawu, ya ƙara wa resor, ƙarafan da ke riƙe nauyin mota, ƙarfi, ya sa dogayen amotisa masu tare girgiza, a jera jarkoki har rufi amma motar ta wuce a miƙe kamar iska ta ɗauko. Sau da yawa shi da kansa yake tuƙawa.

Mutum ne mai kunya, ba ya iya kallon idon babba ya ce a'a. Da daminar bara ya dawo daga wata tafiya bai ci abinci ba, ya ce wa matarsa, Inna Zuliha, ya bar daji. Ya ce masu tsare hanya yanzu ba takarda suke tambaya ba.

Abin da ya tara ya sayi mota da shi, doguwa, shuɗiya, mai faɗin baya, tayunta huɗu duka suna ja. Irin wadda masu bin daji da kaya ke mafarki ce. Ba a jima ba tsofaffin abokan harkarsa suka fara zuwa shan shayi, suna shafa ta, suna cewa tafiya ɗaya kawai. Kawu ya yi ta cewa sai an gani. Da ya rasa yadda zai ƙi da baki, sai ya ƙi da hannu. Ya cire resor ɗinta ya sa gajeru, ya sauya amotisa, ya sayo manyan jant, wato ƙarafan taya, masu ƙyalli da siraran tayu. Motar ta sauko har tafin hannu da ƙyar yake shiga tsakanin taya da jiki.

Idirisa mai walda, maƙwabcinsa a garaji, ya tsuguna ya leƙa.

"Gado, da furfurarka? Wannan ai ta ƴan gayun unguwar Zariya ce. Ko amarya za ka ƙaro?"

"Ai ita ce amaryar. Ba ta taka rairayi."

"To ka saya mata takalmi mai tsini mana."

Kawu ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba. Dabararsa ta ci. Duk wanda ya zo roƙo sai ya nuna masa cikin motar da ke dab da ƙasa, ya ce ko kwalbati ba ta hawa sai a karkace. Mutum ya girgiza kai ya tafi, ba a ɓata da kowa ba.

Ni lokacin na gama jami'a ina zaune ba aiki, sai nake raka shi. A hanyar Tibiri ƴan duwan, wato kwastan, suka tsayar da mu, suka buɗe baya, suka tarar da tabarma da buta. Suka ƙwanƙwasa ƙasan motar, suka sallame mu suna kallonmu har muka yi nisa. Muka yi ta dariya. Da aka sake tsayar da mu a wani makon, dariyar ta ragu. Sannan wata mata ta ce wa Inna Zuliha a gidan suna, Allah ya sanya albarka, ashe Malam ya samu babbar harka, kullum mota a danne. Wasu da ba mu sani ba suka fara wucewa ta gaban garaji a kan babur, su rage gudu, idonsu a kan tayun baya.

Ranar Litinin da hantsi muka tafi Jiratawa duba wata gonar zogale da yake so ya kama, don ya ce tsufansa a can zai yi shi. Da muka sauka daga titi zuwa hanyar gonaki, dole ya koma tafiya a hankali saboda ramuka. Babura biyu suka biyo mu. Da can, a cikin irin motocin da yake ɗagawa, da ya yanki daji ya ɓace musu. Na ga ya dubi gefen hanya, ya dubi madubi, ya taka birki.

Su huɗu ne. Babbansu yana da tabarau da tattausar murya, ya gaishe da Kawu da sunansa. Ɗaya ya ɗage rigarsa kaɗan don mu ga abin da ke ƙugunsa. Suka zaunar da mu a gindin wata bishiyar bedi, suka fidda kujerun motar, suka yaga shimfiɗar ƙasanta, suka zura sanda a tanki. Ina jin ƙarar injin ban ruwa daga nesa, da muryoyin mata a gona, ba wanda ya leƙo.

"Malam Gado, ina kayan?" in ji mai tabarau.

"Wallahi ba komai, Alhaji. Resor na rage mata. Ku duba."

"Kai da ka yi rayuwarka kana ɗaga mota? Wa zai sayi irin wannan ya kashe ta da hannunsa?"

"Don in huta ne."

Mai tabarau ya yi murmushi ya dubi yaransa. "Kun ji gwani. Mun kwance ta ba mu gani ba, duwan ma sun duba ba su gani ba. Irin wannan hannun muke nema." Ya tsuguna gaban Kawu. "Namu kayan ba mai ba ne, kuma ba shi da yawa. Titi za ka bi, ba daji ba, kowa ya riga ya gaji da bincikenka. Ranar Juma'a bayan masallaci za a kira ka. Kada ka taɓa motar, mun fi son ta a haka." Ya juyo gare ni. "Wannan ne ɗan yayarka mai digiri? Ai mun san gidan."

Da kansu suka mayar da kujerun. A hanyar dawowa, da muka shigo gari, Kawu ya ce kada in gaya wa mahaifiyata. Na ce mu kai ƙara. Ya tambaye ni sunan wa zan faɗa.

Yau Alhamis. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, ƙarar kowane babur sai ta tsaya min a ƙirji. Da safe na je garaji na tarar ya fito da tsofaffin resor ɗin da ya cire mata ya ajiye a gefen rami, jak ɗin ɗagawa yana ƙarƙashin mota, bai ɗaga ba. Idirisa ya leƙo ya tambaya ko amarya ce ba lafiya. Kawu ya janye jak ɗin, ya ce in miƙo masa bokiti zai wanke ta.