Hozuki da Rigar Sarauniyar Tsuntsaye

Sunan da iyayenta suka raɗa mata Chizuru, amma mu Hozuki muke ce mata, don a harkarmu ta shigar 'yan katun, wato sa kaya irin na taurarin fim ɗin zane, kowa da sunan da ya zaɓar wa kansa. Ni nake gyara wa ƙungiyarmu gashin kanti da kwalliya, ita ke mana ɗinki. Mun fi shekara goma sha biyar tare, kuma ban taɓa ganin an ɗauki fuskarta a hoto ba.

'Yar manomin tuffa ce daga Aomori. Ta zo Tokyo da ƙuruciyarta, ta samu aiki a wani kamfanin wanki da guga a Saitama inda ake goge zannuwan asibiti, kuma a gaban wannan injin gugar furfura ta same ta. Ɗakinta kuwa, in za ta buɗe keken ɗinki sai ta naɗe katifa. Gajeriya ce mai jiki, da faffaɗar fuska irin ta mutanen gona. Shekarar da ta zo ta ɗinka rigar wata jaruma ta je taro, wani ya ɗauke ta hoto ya sa a intanet, wani ɗan banza kuma ya rubuta a ƙasa, "Babu madubi a garinku ne?" Na tabbata shi ya manta kafin shayinsa ya huce. Ita daga ranar ba ta ƙara sa kayan da ke nuna fuska ba. Dodo, kare, mutum-mutumin ƙarfe, duk abin da ke da ƙaton kai na soso da kowa ke gudu saboda zafi, Hozuki ce.

Akwai wani katun da ta taso da shi, labarin Sarauniyar Tsuntsaye da bafadenta Kwaɗo. Sau da yawa mun yi shigar mutanen cikinsa, kuma a irin wannan haɗuwar doka ɗaya ce: kowa da nasa, ba a yin biyu a kan mutum guda. Kullum wata ce sarauniya, cikin rigar da Hozuki ta ɗinka. Kullum Hozuki ce Kwaɗo, tana tsugune a gefe, zufa na bin ta har cikin takalmi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na sha faɗa mata haka, sai ta yi dariya ta miƙo mini dunƙulen shinkafa wai in toshe baki.

A bazarar da ta cika arba'in da huɗu ɓarin jikin mahaifinta ya shanye. Wanta ya bugo waya ya ce shi yana da mata da yara, ita kuwa me ta ajiye a Tokyo? Ba ta yi musu ba. Aka tsayar za ta koma gida ƙarshen Oktoba, washegarin babban taron masu shiga da ake yi a unguwar Ikebukuro. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. A ƙauyen da maƙwabta ke ƙirga kayan da ka shanya, ba a fita da gashi shuɗi.

A cikin jirgin ƙasa ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa kamar mai shirin sata. Ta ce sau ɗaya tak take so ta zama sarauniyar, da fuskarta a buɗe, kafin ta tafi. Ashe ta daɗe tana ɗinka rigar a ɓoye, daidai jikinta. Da na je ɗakin na gani sai da na zauna. Kowane gashin tsuntsu da hannu ta yanka shi, ta rina a tukunyar da take dafa taliya, daga fari a wuya har ya koma shuɗi mai duhu a ƙasa. Na auna kanta, na yi mata gashi, muka gwada kwalliya. Ta daɗe tana kallon madubi, sannan ta ce, "Kai, ashe ba laifi." Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba.

Shugabar ƙungiyarmu Rindo ce, mace mai bakin zuma. Ta amince tun farko, har da tafi. Saura mako uku ta tara mu a gidan abinci, ta zo da wata yarinya siririya mai suna Mashiro, wadda mabiyanta a intanet sun fi mutanen garin su Hozuki yawa. Sai da aka kawo abinci Rindo ta haɗa tafin hannu ta langaɓe kai.

"Hozuki-san, wallahi kunya nake ji. Mashiro-chan ta yarda ta shigo cikinmu, kuma kin san wa take so ta yi. Sai dai lokaci ya ƙure, ba ta da riga. Kuma tsakani da Allah, wa zai iya Kwaɗo in ba ke ba? In babu Kwaɗonki ai hoton bai cika ba."

Na dire kofi har ruwa ya fantsama. Na ce, "Rindo-san, ke ba ki jin nauyin bakinki? Wannan ne fa na ƙarshenta!"

"Shi ya sa nake so ya yi kyau," in ji ta. "Masu hoto za su yi mana dafifi. Ba abin tunawa ba ne?"

Sauran duk suka dulmiya cikin kwanukansu, kai ka ce yau suka fara ganin miya. Mashiro ta sunkuya ta ce in da damuwa ita ta haƙura, amma ta faɗa ne irin faɗar da ake jira a ce a'a. Kowa ya zuba wa Hozuki ido. Mu mutane ne da gara mu haɗiye garwashi da mu ɓata wa taro rai, ita kuwa kara ta yi mata yawa tun asali. Ta goge hannu da tsumma, ta ciro tef ɗin awo daga jaka.

"Mashiro-chan, tashi in ga kugunki."

A hanyar tasha na yi ta zazzaga mata masifa. Ta bar ni na gaji, sannan ta ce, "Yarinyar ta yi kama da ita, ke ma kin gani." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa. Na lallashi kaina da dabara ɗaya. Tela in zai rage riga, kalmashe yadin yake yi a ciki, ranar da aka so a warware. Na ce to, bayan taro za ta saki ɗinkin, in kama mana ɗakin hoto da yamma, mu biyu, ta sa rigarta ko na awa ɗaya ne. Ta ce, "Mu gani." Na kama ɗakin ban sake tambayarta ba.

Ranar taro muka ja akwatunanmu zuwa ɗakin canza kaya, tunda ba a zuwa da shiga daga gida. Mata makil a ƙasa, kowa da madubinta a cinya, ma'aikata na ta kiran a yi sauri. Ni aka ba jan zif ɗin Mashiro. Da na ɗaga shafin rigar don kada ya maƙale, sai na ga ɗinkin gefe. Tsaf yake, siriri, an bi bakinsa da zare. Babu kalmasa. Na duba ɗaya gefen, haka.

Na tsallake ƙafafun mutane na isa inda Hozuki take cusa jikinta cikin koren soso.

"Ina sauran yadin?"

"Na yanke."

"Kin yi me?"

"Na gwada kalmashewa, sai ya yi tudu a kugu. Yana fitowa a hoto." Ta ja hannun rigar Kwaɗo ta gyara. "Sarauniya ba ta da tudu a kugu."

"Ke fa? Na kama mana ɗaki ƙarfe biyar! Me za ki sa, Chizuru?"

Ban taɓa kiran ta da wannan sunan a wurin taro ba, kuma ba a yi. Ta ɗago ta dube ni. Idonta ya yi ja, ya kumbura kamar na wadda ta kwana tana yanka albasa. Na so ta zage ni, ko ta zagi Rindo, ko ta yi kuka mu taru mu ji kunya. An ce mahaƙurci mawadaci, ni dai ban ga abin da haƙuri ya tara mata ba.

"Miƙo mini kan," ta ce.

Na ɗauko ƙaton kan Kwaɗon, da bakinsa mai dariya har kunne, na kifa mata. Na ɗaure igiyar a ƙeya.

A lokacin ne Mashiro ta ƙaraso tana juyi, gashin tsuntsayen na tashi suna sauka, mata suna dakatar da kwalliyarsu suna kallo. Ba ƙarya, ta yi kyau. Ta riƙe kugu da hannu biyu, fuskarta cike da murna, babu ko ɗigon mugunta a ciki.

"Hozuki-san, dubi! Kamar don ni aka ɗinka ta!"

Kwaɗon ya juyo gare ta. Sannan ya durƙusa da ƙyar a gabanta, ya kama wani gashi da ya karkace a ƙasan rigar ya daidaita shi.

"Kar ki zauna da ita," muryar ta fito daga cikin soso. "Tana yamutsewa."