Tafinta a Tsakar Gidan Surukata

Abubuwa da yawa na shekarar farkon aurena sun shige mini, amma makonni biyun da na yi ina aikin tafinta a tsakar gidan surukata ba za su taɓa fita daga kaina ba. Har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko rufe fuska.

A Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, aka haife ni, a nan Ibadan na yi karatu, kuma a cikin Sabon aka kai ni gidan iyayen mijina. Surukata, wadda kowa ke kira Hajiya, waina take soyawa a gida, matan layi suna taya ta aiki da hira. Mace ce marar yawan magana. Wata uku ina gidan, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu: in durƙusa, ta amsa, in koma ɗaki. Na riga na yanke wa kaina cewa ba ta so na, tana yi mini kallon 'yar boko wadda ko tukunya ba ta iya ɗorawa ba. Abin yana ci na ƙwarai, amma ko mijina ban gaya wa ba.

Wata rana mijina ya karɓo wani fim ɗin Turawa mai dogon zango wurin masu tura fina-finai a unguwar Mokola, kashi goma sha biyu a filas, ya jona a talabijin. Labarin wani injiniya ne da ya ƙera na'ura mai kama da firji, in ya shiga sai ta kai shi shekarun baya ko na gaba. Hajiya ta tsaya kallo da ludayi a hannu, can ta ce a kira yarinyar nan ta gaya musu me ake cewa. Wannan ne karo na farko da ta aika a kira ni. Na fito, na ƙudurta a raina cewa ko da wasa ba za ta ji "ban sani ba" daga bakina ba.

Daga nan kullum bayan la'asar, in an kawo wuta, sai a fito da talabijin baranda, mata biyar ko shida su zauna, har da maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da attaruhu. Ni ce mai rimot, in kashi ya ƙare washegari in danna na gaba.

A kashin farko injiniyan saurayi ne, ya haɗu da wata likita. A na biyu sai ga shi da furfura, ido ɗaya a rufe, likitar matarsa ce, har da 'yarsu. Na ce na'urar ce ta yi tsalle da su. Kowa ya gamsu. A na uku babban amininsa ya ci amanarsa, a na huɗu kuma ya mutu a kan cinyar matar. Ranar barandarmu ta koma gidan makoki. Washegari Hajiya ta ƙara ƙullu, ta soya waina faranti guda ta sa aka rarraba wa masu okada, wato 'yan acaɓa, na bakin layi. Da wata ta tuna mata cewa fim ne fa, sai ta ce ta sani, amma shi ma ɗan mutane ne.

Da yamma na danna na gaba, sai ga mutuminmu garau, ido biyu, gashi baƙi wul, yana tambayar matarsa sunanta. Duk suka juyo suka zuba mini ido. Ni kaina ban gane komai ba, amma na gyara zama na bayyana musu cewa na'urar tana mayar wa mutum rai da ido, sai dai ta karɓe tunaninsa. Suka tambaye ni ina 'yarsu, na ce an kai ta yaye gidan kakarta. Suka ga matar cikin jar riga tana ƙyalƙyala dariya, aka hau salati, wai ko takaba ba ta yi ba. Na ce ta yi a cikin na'ura, wata huɗu da kwana goma a minti ɗaya. Allah Ya yafe mini, har da ɗaga yatsa nake yi kamar malamar aji.

Wanda ya fi shan wahala shi ne aminin. Bawan Allah bai yi laifin komai ba tukuna, amma kullum ya miƙa wa injiniya shayi sai Bayarabiyar nan ta miƙe tana nuna talabijin: "Ole ni, ɓarawo ne. Kar ka sha, abi ba ka da hankali?" Hajiya kuwa ta daina kallon fuskarsa gaba ɗaya. A 'yan kwanakin nan ta fara ajiye mini wainar farko, wani lokaci har ta dafa kafaɗata tana tambaya. Ban taɓa jin daɗin gidan irin na lokacin ba.

Saura kwana huɗu mu gama aka ɗauke wuta ana tsakiyar kallo. Da safe na shiga jerin filas ɗin don in nemo inda muka tsaya, sai na ga yadda talabijin ya jera su: ɗaya, goma, sha ɗaya, sha biyu, sannan biyu, uku, har zuwa tara. Ashe ƙarshen labarin muka kalla tun rana ta huɗu. Ba rai aka mayar wa kowa ba, ba yaye, ba takaba. Na zauna a ƙasa ina kallon jerin, kuma maimakon in faɗi gaskiya sai na ci gaba da tafinta.

Kashi na tara ya ƙare injiniya yana shiga na'ura, yana yi wa amaryarsa alkawarin dawowa. Hajiya ta ce in danna na gaba. Na ce babu. Ta ce to a kira ɗanta ya koma Mokola yanzu. Nan dabara ta ƙare mini, na durƙusa a gaban matan na kwashe komai na faɗa.

"Wato sadakar tawa ta riga shi mutuwa?" in ji Hajiya.

Na ce haka ne. Ta ce to ba komai, in ya isa zai tarar da ita. Matan suka kwashe da dariya har da masu hawaye, Bayarabiyar tana cewa ita dai ba za ta janye zaginta ba. Ni kuwa kaina na ƙasa, na san tawa ta ƙare.

Bayan sun watse Hajiya ta tambaye ni tun yaushe na sani, na ce kwana huɗu. Ta ce me ya hana ni faɗa. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, na ce tsoro nake kada ta daina kira na.

"Ke yanzu a zatonki don Turanci nake kiran ki? Tun maganar takabar nan na daina yarda da fassararki. Kin shige ɗaki kin ja ƙofa, ni kuma surukarki ce, da wane baki zan ce fito mu yi hira? Da na samu dalili sai na riƙe."

Ta miƙo mini ludayin, ta matsa mini wuri a gaban tanda. Ranar na ƙona waina ta kai goma, ita kuwa sai ƙara miƙo mini ƙullu take.

Abin da na koya shi ne, wanda kake ganin yana share ka, wataƙila shi ma kunyarka yake ji, yana neman ta inda zai fara. Da na yi ƙarfin halin fitowa tsakar gida na zauna kusa da ita tun farko, da ban yi makonni biyu ina zuba ƙarya don a so ni a gidan da dama ana so na ba.