Kawu Ya Durƙusa a Gidan Tsofaffi

A shekarar da na samu aikin kula da tsofaffi a Ingila, Baba ya ce ba zai yanke hukunci ba sai Kawu ya dawo. Kawu yayan Inna ne, a can ya yi karatu yana saurayi, kuma a lokacin ya koma a duba masa ido. Ni Ingilar da na sani ta littattafan soyayyar da nake karɓa haya a Kusfa ce: yayyafi, doguwar rigar sanyi, wani yana jira a tashar jirgin ƙasa da fure a hannu.

Da ya zo gidanmu a Ƙofar Kibo, na kai musu fura zaure na raɓe a bakin ƙofa.

"Alhaji, ƙasar ta lalace," in ji Kawu. "Dattawansu ma haka suke faɗa. A cikin mota yaro na zaune, tsoho na tsaye. Cocin unguwar da na zauna ya koma mashaya."

Ya ce ya nemi malaminsa na da, aka nuna masa gidan tsofaffi. Ya shiga, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabansa. Bai gama gaisuwa ba ma'aikata suka rugo, wannan tana taɓa masa wuya, waccan tana kiran motar asibiti. Sun zaci yanke jiki ya yi ya faɗi.

Baba ya yi dariya har da tari. "Da wannan tumbin naka, ai ba su yi laifi ba."

"Malamin bai yi dariya ba," Kawu ya ce. "Cewa ya yi su ma a da suna cire wa manya hula. Suka riƙa sakin irin waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, suna kiran haka 'yanci. 'Ya'yansa suna raye, katin gaisuwa kawai suke aiko masa."

"Wa ke ba shi abinci?" in ji Baba.

"Wata baƙuwar yarinya, sa'ar wannan," in ji Kawu, yana nuna ni.

Baba ya daɗe yana juya ludayi. Na riga na cire rai.

"Ashe aikin akwai lada," ya ce. "Ki je. Amma ranar da ƙafafuna suka kasa kai ni masallaci, ranar za ki ajiye shi."

Na ce to. Kowace Juma'a ina kiran Inna in tambaya. Har yanzu da ƙafarsa yake zuwa, sai dai ta ce ya fara hutawa a hanya.