Kaskar San Layya

A shekarar da aka buɗe gadar sama ta tsakiyar Tamale, har mutane suka riƙa zuwa kallonta kamar biki, Babbar Salla ta faɗo a tsakiyar damina. Raguna sun yi tsada, sai mu bakwai da muke salla a masallaci ɗaya muka haɗa hannu a kan sa guda. Wanda ya je ya zaɓo shi aminina ne, Bamoshi, dillalin shanu da ke zaune a Aboabo. Tare muka yi karatu, tare muka yi furfura. Da yake gidana na Nyanshegu ne mai fili, a nan aka kafa turke.

Maiɗakina Badagomba ce, kuma akwai tsohon wasa tsakanin Dagombawa da Mosawa: Dagombawa ne kakanni, Mosawa jikoki. Tun da aka kawo ta gidana, ita da aminin nan nawa ba su taɓa yin gaisuwa irin ta mutane ba. In ya yi sallama, daga madafa za ta ɗaga murya ta ce, “Ku rufe tukwane, jikana mayunwaci ya iso.” Shi kuma ya ce, “Kaka, har yanzu kina nan? Likkafanin da na saya miki fa asu ya fara cin sa.” Daga nan sai ta zuba masa tuwo fiye da nawa. Ni da ba ni da rabo a wasan, dariya ce tawa, kuma na daɗe da sanin cewa da wannan zagin gidajenmu biyu suke tsaye.

San ja ne, mai hankali, amma ya zo da kaska a gindin wutsiya da ƙarƙashin wuya da tsakanin cinyoyi. Na ce a yi masa feshi. Aminina ya ce a’a, yanka ya matso, maganin zai zauna a nama. Ni kuwa raina bai so a miƙa wa Allah dabba tana fama da ƙaiƙayi ba. Sai na mayar da shi aikina. Kowace safiya in na dawo daga masallaci, in naɗe hannun riga, in bi jikinsa ina cire su da yatsa ina jefawa a gwangwanin madara mai kananzir. Manyan masu zane a baya suna da sauƙin gani. Ƙananan kuwa ba su fi ɗigon da ake sa wa harafi ba, ban ma kula da su ba.

Aka yi salla lafiya, aka raba nama. Bayan ’yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da ni, da ciwon kai wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na sha maganin zazzaɓin sauro, bai yi komai ba. Aka ɗauki jinina a ƙaramin asibitin unguwa, aka ce babu shi a ciki. Kaluluwa ta fito mini a hammata. Na koma salla a zaune, alƙalami ma ya gagare ni riƙewa.

Ana cikin haka ƙanwar maiɗakina ta zo dubiya daga Dabokpa, ta zo da labari. Wai san daga garken wani mamaci ya fito a ƙetaren iyaka, magada suka yi rigima, wani cikinsu ya yi baki a kan duk wanda ya riƙe igiyar. Wai aminina dillali ya sani, shi ya sa bai ɗaure shi a gidansa ba. Ina kwance ina jin su ta taga. Na ce, “Ku ji tsoron Allah,” amma muryata ba ta kai tsakar gida ba.

Washegari aminina ya yi sallama. Na kasa kunne in ji zancen tukwane. Sai na ji maiɗakina ta yi masa gaisuwar safe ta Dagombawa a hankali, “Dasiba, Alhaji. Ya iyali?” Ta durƙusa masa, ta kawo masa ruwa a kofin gilashi na baƙi. Ya shigo ɗakina ya zauna a bakin tabarma.

“Malam,” ya ce, “me na yi wa kaka? Yau Alhaji ta ce mini.”

Ciwon kai yana nan, amma wannan ya fi shi nauyi. Na san in na mutu a kwanciyar nan, haka za ta ci gaba da durƙusa masa har ƙarshen ransu, ’ya’yanmu kuma su gaji abin.

Da jiki ya ƙi, na aika a kira wanzami ya yi mini ƙaho a baya ko nauyin zai ragu. Ya tuɓe mini riga, ya jiƙa wurin, sai ya tsaya. Ya ce akwai wani ɗan miki a bayan kafaɗata, bakinsa ja, tsakiyarsa baƙi ƙirin kamar an ɗana garwashi. Ya ce shi bai san ko mene ne ba, kuma ba zai sa aska kusa da abin da bai sani ba. Ni ban taɓa jin zafinsa ba, kuma mutum ba ya ganin bayansa.

’Yata ta fari ta sa ni a yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, muka tafi babban asibiti, maiɗakina tana riƙe da ni. Likitar mace ce, ba ta wuce sa’ar ’yata ba. Ta duba mikin, ta taɓa kaluluwar, ta ce, “Baba, ka yi hulɗa da dabbobi kwanan nan?” Na ba ta labarin gwangwanin madara. Ta gyaɗa kai. Ta ce wasu kaskoki suna ɗauke da ƙwayar cuta, in sun ciji mutum sai su zuba masa ita a jini, kuma gwajin zazzaɓin sauro ba ya ganin ta. Maiɗakina ta tambaya ko waɗanda suka ci naman ma za su kwanta. Ta ce a’a, ta cizo ake ɗauka. Ta rubuta mini ƙwayoyi, na sa aka ba ni biro na rubuta lokutan shan da ajami a jikin kwalin. Kafin Juma’a gumi ya karyo mini, na nemi koko da ƙosai. Alhamdu lillahi.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Maiɗakina ta ce, “To Afa, ai dai san ne ya kawo ta.” Afa take ce mini, yadda Dagombawa ke kiran malami. Aminina kuma, da labarin likita ya kai masa, sai ya ɗauke ƙafa. Ya aiko ladanin masallacinmu ya gaya mini cewa shi ne ya hana feshi, ba shi da idon da zai kalli kaka. Ga ni na warke, ga gida shiru.

Ban yi mata wa’azi ba. Na dai ce mata hannuna ne ya cire kaskar, ba wanda ya sa ni, kuma da mutumin nan ya san da wani abu a jikin san, da bai ci hantarsa tare da jikokinsa ba. Ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar da na fara iya fita, na tarar ta sa mayafi, ta ɗaure kwanon tuwo da miyar zabo a cikin zane. Ta ce, “Tashi ka raka ni Aboabo. Akwai wanda yake bi na bashi, ba na so in kwana da abinsa.”

Muka same shi a ƙofar gida cikin dillalai ’yan uwansa. Da ya hango mu ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya fara cewa, “Hajiya, sannu da...”

“Wace ce Hajiya?” in ji ta, da murya har ta tsallaka titi. “Kai, jikan banza! Aka aike ka sayen sa, ka sayo kaska da sa a jikinta. Don ka ga mijina ya fi ka kyau shi ne za ka kashe mini shi? Wa ya ce maka in ya mutu zan aure ka?”

Dillalan suka fashe da dariya. Shi kuwa ya tsaya baki buɗe, idonsa ya cika da ruwa. Da ƙyar ya ce, “Kaka, wa zai auri tsohuwar da haƙoranta suka riga ta lahira?”

“Karɓi, mayunwaci,” ta ce, ta dangwara masa kwanon a hannu. “Wannan na yau ne. Sauran zagin da na tara maka yana gida, ka zo gobe ka kwashe abinka.”

Na samu benci na zauna. Ya buɗe kwanon, ya leƙa, ya ce naman ya yi kaɗan.